Firigo ya daina sanyi a Filinge: abin da mai gida zai iya gyarawa da kansa, da abin da bai kamata ya taɓa ba

Daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, da wuya a samu kayan gida da ke shan wahala a garin Filinge kamar firigo. Zafi yakan haura digiri 40 da rana, ƙura ba ta yankewa, wuta kuma tana zuwa tana ɗaukewa. A daidai wannan lokaci ne aka fi bukatar sa. Matan da ke sayar da ƙanƙara, zoɓo da ruwan leda da shi suke ciyar da gida, haka masu kanti da masu sayar da kindirmo. A shekarun 2024 da 2025 azumi ya faɗo cikin wannan zafi, kuma kowa ya ga yadda ƙanƙara ta yi daraja da yamma.

Da zarar firigo ya daina sanyi, maganar farko da ake ji ita ce: "Gas ya ƙare." Sau da yawa ba haka ba ne. Gas ɗin firigo ba irin na girki ba ne da ake ƙonawa har ya ƙare. A rufe yake cikin bututu, yana zagayawa shekara da shekaru, kuma ba ya raguwa sai in bututun ya huje. Yawancin abubuwan da ke hana sanyi suna wajen wannan bututu: ƙura, robar ƙofa, ƙanƙarar da ta yi yawa, raunin wuta, ko wani ɗan ƙaramin abu da ke tayar da injin. Waɗannan mai gida zai iya dubawa da kansa. Abin da ke cikin bututun kuwa aikin mai gyara ne.

Sanin wannan iyaka yana da amfani a ƙasar Kurfai, domin Filinge tana da nisan kimanin kilomita 180 daga Yamai, inda ake samo yawancin kayan gyara. Mutumin Shikal, Bankuku ko Tukunus da ya ɗora firigo a mota saboda ƙura kawai, ya yi asarar kuɗin mota da kwanakin ciniki, wataƙila ma firigon ya dawo da lahanin da bai tafi da shi ba.

Yadda firigo ke yin sanyi

Firigo ba ya ƙirƙirar sanyi. Zafi yake kwashewa daga ciki ya zubar a waje. Misalinsa na kusa shi ne randar ƙasa: ruwan da ke tsatsowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi, sai na ciki ya yi sanyi. A firigo, gas ne ke wannan aiki, kuma sassa huɗu yake ratsawa.

Na farko shi ne baƙin injin nan mai kama da tukunya da ke baya daga ƙasa, wato kwamfuresa, wanda masu gyara ke kira moter. Shi ke matsa gas ɗin har ya yi zafi. Na biyu shi ne baƙar ragar ƙarfe ta baya, inda gas mai zafi ke hucewa ya koma ruwa. A sababbin firigo da manyan firigon ƙanƙara, wato konjelater, an ɓoye wannan bututu cikin bangon gefe, shi ya sa gefen ke ɗaukar zafi, kuma wannan ba matsala ba ce. Na uku wani siririn bututun tagulla ne mai ƙaramin rami ƙwarai, wanda ke rage ƙarfin ruwan gas ɗin. Na huɗu shi ne farantin sanyi na ciki, inda ruwan ke tafasa ya sake zama gas, yana zuƙe zafin abinci. Gas mai suna R600a yana tafasa a wajen digiri 12 ƙasa da sifili, R134a kuma a wajen digiri 26 ƙasa da sifili.

Abin lura shi ne, ragar baya ba za ta iya zubar da zafi ba sai ta fi iskar ɗaki zafi. In ɗakin ya kai digiri 43, dole moter ya ƙara wahala kafin ragar ta wuce haka. Duk abin da ya hana ragar shan iska, ya hana ciki sanyi.

Takardar da ba a karantawa

Kowane firigo yana da 'yar takarda manne a baya ko a bangon ciki. Abu uku ne a kanta da ya kamata mai shi ya sani: irin gas ɗin da ke ciki, nauyinsa a giram, da irin yanayin da aka ƙera firigon dominsa. Ana nuna yanayin da haruffa. SN da N na ƙasashen da zafin ɗaki bai wuce digiri 32 ba ne. ST yana kai wa digiri 38. T kuma yana kai wa digiri 43.

Tsofaffin firigon da aka shigo da su daga Turai ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome, da yawansu SN ne ko N. Irin wannan firigo zai yi aiki lafiya da hunturu, amma in bazara ta kama sai ya yi ta gudu ba hutawa, ruwa kuma ya ƙi daskarewa. Bai lalace ba, kuma ƙarin gas ba zai yi masa magani ba. An sa shi aikin da ya fi ƙarfinsa ne. Abin da za a iya yi masa shi ne a kai shi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a rage masa kaya, a rage buɗe ƙofa. Wanda zai sayi wani kuma ya nemi mai harafin T. Ƙasar Gana ta hana shigo da tsofaffin firigo tun shekarar 2013, musamman saboda yawan wutar da suke ci.

Kafin a taɓa komai

Dokar farko ita ce a zare igiyar wuta daga bango. Kashe maɓallin ciki bai isa ba. Kada a yi aiki da jiƙaƙƙen hannu ko ƙafa ba takalmi a kan siminti mai laima. In firigo yana jan mutum in ya taɓa jikinsa, wuta ce ke zuba a ƙarfen, kuma wannan yana iya kisa, musamman ga yara. A cire shi daga wuta nan take, kada a mayar sai mai aikin lantarki ya duba.

Kayan aikin ba su da yawa: burushi mai laushi, tsumma, ruwan ɗumi da sabulu, sukurdireba, tocila, da wayar hannu don ɗaukar hoton yadda wayoyi ke haɗe kafin a cire su. Wanda ke da na'urar awon wuta, wato miltimeta, zai iya ƙara bincike kaɗan.

Daga nan sai saurare da taɓawa. Fitilar ciki tana kamawa? Moter yana ƙara? Ragar baya tana ɗumi? Amsoshin waɗannan tambayoyi uku su ke nuna inda za a fara.

Wuta: matsalar da ba ta firigo ba

In fitila ba ta kama, moter kuma shiru, sai a fara da wurin da ake soka igiya. A gwada wata na'ura a wurin, a duba ko ɓera ya ci igiyar, ko bakin ya ƙone ya yi baƙi. Dogayen igiyoyin ƙari masu siririyar waya suna rage ƙarfin wuta kuma suna zafi. Firigo yana son wurinsa shi kaɗai a bango.

Firigon da ake sayarwa a Nijar an yi su ne don wuta mai ƙarfin volt 220 zuwa 240. In wutar ta yi rauni sosai, kamar yadda ake gani da yamma lokacin da kowa ya kunna fanka, moter yakan yi gurnani na 'yan daƙiƙu, sai a ji "ƙas", ya yi shiru. Wannan ƙarar ta wani ɗan makari ce da ke yanke wuta don kada moter ya ƙone. In ƙwan lantarki ya dushe, fanka kuma tana juyawa da ƙyar, gara a cire firigon har wuta ta daidaita. Na'urar daidaita wuta, wadda ake kira regilater, tana taimakawa, musamman mai jinkirta kunnawa na 'yan mintoci.

Wannan jinkiri yana da dalili. In wuta ta ɗauke ta dawo nan take, gas ɗin da ke gefen zafi yana nan a matse, moter kuma ba zai iya tashi a kansa ba. Dole a jira kamar minti biyar. Mazauna Nijar sun ga yawan ɗaukewar wuta bayan watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take bai wa kamfanin NIGELEC, wadda ita ce kaso mafi yawa na wutar ƙasar a lokacin, har zuwa watan Maris na 2024. Ɗabi'ar da ya kamata ta zauna a kowane gida ita ce: wuta ta ɗauke, a cire firigo, ta dawo, a dakata kaɗan kafin a mayar.

Masu amfani da injin wuta ko farantin hasken rana su ma su lura: a lokacin tashi, moter yana jan wuta ninki da yawa fiye da yadda yake ja in yana gudu. Ƙaramin inji ko batirin da ya raunana zai kunna fitilar firigo, amma ya kasa tayar da moter.

Ƙura da iska

Filinge tana cikin kwarin Dallol Bosso, ƙasa mai rairayi, kuma iskar hunturu da guguwar farkon damina suna shigar da ƙura ko'ina. Ƙurar da ta lulluɓe ragar baya kamar bargo ce a jikin mai jin zafi. Bayan an cire wuta, a jawo firigon, a share ragar da burushi mai laushi daga sama zuwa ƙasa, ba tare da lanƙwasa bututu ba. A share jikin moter da busasshen tsumma. Kada a watsa ruwa a wurin, domin akwai wayoyi. In akwai 'yar fanka kusa da moter, a juya ta da yatsa a ga ko tana juyawa sumul, domin leda ko zare kan maƙale mata.

Sannan a duba mazauninsa. A bar tazarar kamar santimita 10 tsakaninsa da bango, ta baya da ta gefe. Kada rana ta faɗa masa ta taga, kada ya zauna kusa da murhu ko kurfoti. A shagon kwano da ba shi da rufin ciki, zafi yakan wuce na waje da tsakar rana. Rumfar zana a kan kwanon, ko taga biyu da iska za ta ratsa, suna rage wa moter wahala ƙwarai. Kyallen ado da ake lulluɓa wa konjelater har ya rufe gefensa kuwa cutarwa yake yi, tunda ta gefen yake fitar da zafi.

Robar ƙofa

Robar da ke zagaye da ƙofa tana da maganaɗisu a ciki. Zafi da datti suna sa ta bushe ta taurare, sai iska mai ɗumi ta riƙa shiga dare da rana. Alamarta ita ce ƙanƙara mai taruwa da sauri kusa da ƙofa, da moter da ba ya hutawa.

Gwajin ba wuya. A rufe ƙofar a kan takarda, sannan a ja. In ta fito ba tare da ta riƙe ba, wurin a buɗe yake. A gwada duk kusurwoyi huɗu. Da dare kuma ana iya saka tocila a kunne a ciki, a rufe, a duba ko haske na fita.

Maganin farko wanki ne da ruwan ɗumi da sabulu, har cikin lungunan robar, domin sukarin zoɓo da ya bushe yana hana ta mannewa. In ta lanƙwashe, a dafa mata tsumma mai ruwan zafi na ɗan lokaci har ta yi laushi, a miƙe ta da hannu, a rufe ƙofa ta huce a haka. In ta yage, sai sabuwa. A auna tsawo da faɗin ƙofar, a rubuta sunan firigon da lambarsa kafin a yi saƙo Yamai. Wasu robobin cusa su ake yi cikin rami, wasu kuma sukurori ke riƙe su. Ƙofar da ta sunkuya saboda nauyin kwalabe, a ɗaure sukurorin maratayarta. A kuma ɗaga ƙafafun gaba kaɗan don ƙofar ta riƙa rufe kanta.

Ƙanƙara da wuƙa

Mutane da yawa suna ɗaukar ƙanƙarar da ta taru a bangon ciki alamar firigo mai ƙarfi. Ba haka ba ne. In kaurinta ya wuce rabin santimita, tana shiga tsakanin farantin sanyi da abinci, ta hana zafi fita. A cire wuta, a kwashe kaya, a buɗe ƙofa, a ajiye kwanon ruwan ɗumi a ciki. A zafin Filinge ba ta daɗewa take narkewa.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne kashe firigo: sa wuƙa ko sukurdireba a ɓamɓare ƙanƙara, ko a ciro ledar da ta manne. Farantin sanyi na sanholo ne mara kauri, kuma hanyar gas a cikinsa take. Tsini ɗaya ya isa. Sai a ji "fuuu", shi ke nan, garin neman gira an rasa ido. In haka ta faru, a cire wuta nan da nan, a buɗe ƙofofi da tagogi, kada a kunna ashana ko sigari. Kada kuma a sake kunna firigon don a gwada, domin moter zai zuƙi ruwa da iska ta hujin, gyaran ya ƙara tsada.

Firigon da ba ya tara ƙanƙara, wanda ke da fanka a ciki, nasa ciwon daban ne. In sama na daskarewa amma ƙasa ba sanyi, to ko fankar ta tsaya, ko ƙanƙara ta toshe hanyar iska a bayan murfin ciki. A danna ɗan maɓallin da ƙofa ke dannawa a saurari fankar. In ba a ji ta ba, ko iska ba ta fitowa, a cire wuta a bar ƙofofi a buɗe kwana guda cur. In ya dawo daidai sannan bayan 'yan kwanaki matsalar ta sake dawowa, na'urar da ke narkar da ƙanƙarar ce ta mutu, kuma canza ta aikin wanda ya san lantarki ne.

Ruwan da ke kwanciya a ƙasan firigo kuwa, yawanci ɗan ramin da ke bangon baya ne ya toshe. A zura masa tsinke mai laushi na roba, a bi da ruwan ɗumi.

Maɓallin sanyi

Maɓallin nan mai lambobi shi ke kashe moter in sanyi ya isa, ya kuma tayar da shi in ya ragu. Babbar lamba tana nufin ƙarin sanyi. Ma'aunin da ake so shi ne kamar digiri 4 a ɓangaren abinci, da digiri 18 ƙasa da sifili a ɓangaren ƙanƙara. Murɗa shi zuwa ƙarshe a lokacin zafi ba ya ƙara wa firigo ƙarfi, hana moter hutu kawai yake yi.

In fitila na kamawa amma moter ko motsi, a murɗa maɓallin zuwa sifili a dawo da shi, a saurari 'yar ƙara. Rashin jin ta na iya nuna ya mutu. Mai hannu da natsuwa zai iya canza shi: a cire wuta, a ɗauki hoton wayoyin, a zare siririn bututunsa a hankali, a saka sabo irinsa daidai inda tsohon yake ba tare da an karya bututun ba. Na firigo daban, na konjelater daban.

Wasu masu sayar da ƙanƙara kan sa a haɗa wayoyin kai tsaye a tsallake maɓallin gaba ɗaya. Ƙanƙara za ta yi, amma moter zai yi ta gudu ba tsayawa, kuɗin wuta ya ƙaru, kwanansa ya ragu.

Rele: ƙaramin abu, babban aiki

A gefen moter akwai baƙin murfin roba. A ƙarƙashinsa akwai rele, wanda ke ba moter turin farko, da makarin da aka ambata a baya. In wuta lafiya take amma moter yana gurnani, ya yi "ƙas", ya yi shiru, bayan minti biyu ko uku ya sake, to a fara zargin rele kafin moter. Wannan yana cikin sassan firigo mafi araha, amma saboda shi an sha yanke wa moter mai rai hukuncin mutuwa.

Bayan an cire wuta kuma moter ya huce, a ɓalle murfin, a ɗauki hoto, a zare relen. Irin wanda ya fi yawa yau yana da ɗan faifai a ciki. In aka girgiza shi aka ji kamar tsakuwa a gwangwani, ko ana jin ƙauri, ya fashe. A tafi da tsohon kasuwa a samo irinsa daidai. In akwai wani abu mai kama da babban batiri haɗe da shi, kada a taɓa bakinsa, domin yana riƙe wuta ko bayan an cire igiya.

Mai miltimeta zai iya auna ƙusoshi uku da ke jikin moter, biyu-biyu. Zai samu awo uku, kuma in aka haɗa ƙananan biyu ya kamata su ba da babban. In wani awon bai nuna komai ba, ko aka ga akwai haɗi tsakanin ƙusa da jikin ƙarfen moter, to moter ya ƙone. Sababbin firigo masu inbata ba su da irin wannan rele, allon lantarki ke tafiyar da su, kuma ba a buɗe shi a gida.

Inda hannun mai gida ya tsaya

In an yi duk wannan, moter yana gudu ba tsayawa, ragar baya ba ta ɗumi, ƙanƙara kuma a kusurwa ɗaya kawai take kamawa ko babu sam, to matsalar ta shiga cikin bututu. Maiƙo a wurin haɗin bututu alama ce ta yoyo. Amma toshewar siririn bututu da raunin moter su ma suna nuna irin waɗannan alamu, kuma sai da agogon awon gas ake bambance su.

Dalili uku ke sa a bar wannan aiki ga mai gyara. Na ɗaya haɗari: R600a, wanda ke cikin yawancin sababbin firigo, ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta, gyaran bututu kuma da harshen wuta ake yin sa. Na biyu awo: gas ɗin firigon gida 'yan giram ne, sau da yawa bai kai 100 ba, kuma ƙari ko ragi kaɗan yana ɓata sanyi. Na uku, kowane moter da irin gas ɗinsa da irin mansa. Zuba R134a a moter ɗin R600a, ko ɗura gas ɗin girki don araha, hanya ce ta kashe shi.

Akwai kuma batun muhalli. Tsohon gas R12 yana cikin waɗanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana saboda yana cinye rufin ozon da ke kare duniya daga nau'in hasken rana mai cutarwa, kuma wa'adin daina shi a ƙasashe masu tasowa ya cika a 2010. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya tanadi rage irin su R134a, wanda ya fi iskar kabon ɗumama duniya sau 1,430. Firigon da takardarsa ta nuna R12 ya tsufa ƙwarai, kuma kashe masa kuɗi mai yawa ba dabara ba ce.

Ko da aikin ya koma hannun mai gyara, mai firigo yana da haƙƙin tambaya. A ina yoyon yake, an gano shi an toshe? Gas ɗin da za a saka shi ne wanda ke rubuce a takarda? An canza 'yar matatar tagulla da ke gaban siririn bututu? An zuƙe iska da laima da famfo kafin ɗura gas? Wanda ya ɗura gas bai toshe yoyo ba, ruwa ya zuba a kwando, bayan 'yan makonni za a sake kiran sa.

In dole sai an ɗauki firigon zuwa wurin gyara, a tsaye ake ɗaukar sa, a ɗaure. In an kwantar da shi, man moter yana gangarawa cikin bututu, don haka a bar shi a tsaye kwana guda kafin a kunna.

Abincin da ke ciki fa?

Yayin da ake bincike, ƙofa a rufe ita ce kariya. Hukumomin kula da abinci na Amurka sun ƙiyasta cewa firigon da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4, konjelater cike kuma awa 48, in rabi ne awa 24. A zafin bazarar Kurfai, a ɗauka lokacin bai kai haka ba. Nama, kifi da madarar da suka narke suka yi ɗumi ba a mayar da su a sake daskarar da su don sayarwa. Naman layya gara a soya shi ko a shanya, kamar yadda aka saba tun kafin zuwan firigo. Mai ajiye magani irin insulin kuma ya nemi shawarar likita ba tare da jinkiri ba.

Firigon da ya mutu murus, a cire masa ƙofa kafin a ajiye shi a tsakar gida, don yara kan shiga ciki wajen wasan ɓuya. Wanda ke da rai kuwa, abin da yake bukata bai wuce share ragar baya sau ɗaya a wata a lokacin ƙura ba, da wanke robar ƙofa, da narkar da ƙanƙara kafin ta yi kauri. Watan Fabrairu, kafin zafi ya kankama kuma layi ya yi tsawo a wurin masu gyara, shi ne lokacin da ya fi dacewa a jawo firigo daga bango a duba bayansa.